Otokilef mai lita 18 a ɗakin haƙori: yadda take jure zafi, ƙura da wutar Sakkwato

Asibitin haƙorin da aikinsa ya wuce cire haƙori, wato ana fafe rami a cike, ana wankin haƙori da inji, ana aikin jijiya, ba shi da makawa sai da otokilef ajin B, wato na'urar da ke dafa kayan aiki da tururi mai matsi don kashe ƙwayoyin cuta. Mai lita 18 ɗin nan ta ɗorawa kan tebur, wadda 'yan kasuwar kayan asibiti ke shigowa da ita daga Sin da sunaye iri-iri amma cikinta kusan ɗaya, ta ishi ɗaki mai kujera ɗaya ko biyu. Tana dafa kaya su dahu, ta busar da su cikin fakitinsu, ta bar shaida a rubuce. Aibinta shi ne waɗanda suka ƙera ta ba su san Afrilun Sakkwato ba, ba su san ruwan burtsatse ba, ba su kuma san wutar da ke zuwa rabi-rabi ba. Kowanne cikin ukun nan yana da ɓangaren da yake ci a jikinta.

Mai asibiti ne ke biyan kuɗinta, amma mataimakin likita ne ke kwana da tashi da ita. Saurayi ko budurwar da ke sha'awar wannan sana'a yawanci abin da suke hangowa shi ne tsayuwa gefen kujera da farar riga, ana miƙa wa likita madubi da awartaki, ana riƙe bututun zuƙe miyau. Wannan yana nan, amma babban kaso na yinin a ɗakin baya yake tafiya, tsakanin wurin wanki da wannan na'ura. Idan tana lafiya, aiki yana tafiya kamar ba a yi. Idan ta fara gardama, likita na jiran kaya, marasa lafiya sun cika benci, kuma ido duk a kan mataimaki yake.

Nauyinta kilo 45 zuwa 50 ne, saboda haka mutum biyu ke ɗaga ta, kuma teburin da za ta zauna ya zama na kankare ko na ƙarfe. Tukunyar ciki ta ƙarfe ce marar tsatsa, faɗinta kamar santimita 25, zurfinta 35. Tana zuwa da faranti uku da maɗorinsu, da mariƙin jawo faranti mai zafi, da tiyon zubar da ruwa. Tanki biyu gare ta, na ruwa mai tsabta da na wanda aka gama aiki da shi. A gaba akwai ɗan allo da maɓallai, wasu kuma da ƙaramar firinta ko ramin filashi. Tana jan wat 1,800 zuwa 2,400, gwargwadon kamfani. Littafin da ke biyo ta shi ne kashin bayan komai, sai dai Turancinsa yakan zo a karkace, kuma lambar matsalar da allo ke nunawa a na'urar wani kamfani ba ita ce ta wani ba. Kada a yi aiki da littafin maƙwabci.

Abin da ke kashe ƙwayar cuta a otokilef shi ne tururin da ya taɓa jikin ƙarfe ya koma ruwa, ya sake masa zafinsa. Duk lungun da iska ta maƙale, tururi ba ya shiga. Awartaki da madubi ba su da lungu, shi ya sa ko ƙaramar otokilef ajin N, wadda tururi ke ture iska da kansa, tana iya dafa su idan an sa su a buɗe. Hanfis kuwa, wato kan injin da likita ke riƙewa yana fafe haƙori, mai juyawa sau 300,000 zuwa 400,000 a minti, cikinsa siraran hanyoyi ne na iska da ruwa, kuma lokacin da likita ya ɗaga ƙafa daga feda yana iya zuƙo miyau da jini ciki. Goge bayansa da auduga da sifirit bai taɓa abin da ke ciki ba. Ajin B tana da famfon da ke zuƙe iskar tukunya tun kafin tururi ya shiga, don haka ita ce ke kai wa cikin hanfis da cikin kayan da aka rufe a fakiti. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13060 ce ta raba ƙananan otokilef zuwa B da S da N, kuma wannan lamba ce za a nema a jikin na'urar, ba kalmar mai sayarwa ba.

Sauran hanyoyin da aka saba gani ba su kama ƙafarta ba. Tafasawa ba ta wuce digiri 100, kuma akwai ƙwayoyin cuta masu sulke da ke tsallake ta. Oben na busasshen zafi yana so a ba shi awa biyu a digiri 160 ko awa ɗaya a 170, yana ƙona roba, yana kashe hanfis. Jiƙawa cikin gulutaraldehaid mai kashi 2 cikin 100 sai ta kai awa 10 kafin a kira ta dafuwa, ga warinsa na cin ido da ƙirji. Wadda kaɗai ta cancanci a riƙe ita ce tukunyar tururi ta kan gas, kuma za a dawo kanta.

Ga yadda zagaye ɗaya yake tafiya, don mataimaki ya san abin da idonsa zai bi a allo. Ana rufe ƙofa a danna, sai ta kulle kanta. Famfo ya tashi da ƙara, matsi ya sauka ƙasa da sifili zuwa wajen −0.8 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Tururi ya shiga matsi ya hau, famfo ya sake zuƙewa. Sau uku ake yin haka. Daga nan zafi ya haura zuwa digiri 134, matsi ya tsaya wajen bar 2.1, a riƙe shi a nan kamar minti huɗu. Mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda da shi minti uku ne. Sai ta saki tururi, famfo ya koma busar da kaya na minti 10 zuwa 20, iska ta shiga ta cikin filta, ƙofa ta saki. Duka-duka minti 35 zuwa 50, na farkon safiya ya fi daɗewa don tukunya ta kwana da sanyi. Zafi da matsi tafiyarsu ɗaya: 134 da bar 2.1, 121 da bar 1.1. Idan aka ga matsi ya kai amma zafi ya gaza, iska ce ta rage a ciki, kuma kayan ba su dahu ba ko da allo bai yi kuka ba.

Tsarin digiri 121 na minti 20 na roba ne da auduga da abin da ba ya jure zafi sosai. Akwai na gaggawa, na kayan da ba a rufe ba, wanda ba ya busarwa. Abin da ya fito daga nan a yi aiki da shi nan take, ba a ajiye shi. Akwai kuma na minti 18 a digiri 134, wanda wasu ke dannawa kullum wai don a ƙara tabbata. Ba a buƙatarsa a aikin yau da kullum, kuma yana tsufar da hanfis.

Na'urar ba ta wanki. Jini ko siminti da ya bushe a haƙoran awartaki zai shiga ya fito yana nan, ya ma ƙara kamawa, abin da ke ƙarƙashinsa kuma tururi bai taɓa shi ba. Da an tashi daga kan marar lafiya, a cire allura da reza a jefa a akwatin kaifi, a kai sauran wurin wanki kafin su bushe. A sa safar hannu mai kauri, ba siririyar duba marar lafiya ba, da tabarau da takunkumi. Idan akwai injin wanki mai girgiza ruwa, minti 5 zuwa 10 da sabulun kayan asibiti, ruwan kada ya wuce ɗumi, don ruwan zafi yana dafe jini a jikin ƙarfe. Idan babu, buroshi mai dogon hannu, a goge a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsama. A ɗauraye, a tsane sarai, a duba gaɓar awartaki da almakashi a haske, a bar su a buɗe. Jiƙa kaya cikin bilic irin su Jik da Hypo kafin wanki tsohuwar koyarwa ce da har yanzu ba ta bar hannun mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da wannan shawara, kuma duk wanda ya ga awartaki mai ɗigo-ɗigon tsatsa a gaɓa ya ga aikin bilic. Guntun bilic da ya bi kaya cikin otokilef yana cin tukunyar ita kanta.

Hanfis ba a tsoma shi a ruwa ko kaɗan. A bar shi ya yi gudu da ruwa daƙiƙa 20 zuwa 30 yana jikin kujera, a cire ɗan kan fafar, a goge bayansa, a fesa masa mai ta ramin iskar da ke juya shi har man ya fito ta kai fes, a tsayar da shi ko a ɗan kunna shi man da ya yi yawa ya fita, sannan a sa a fakiti. Man da aka bari yana jiƙa takardar fakiti, yana kuma taruwa a bututan na'ura. Kada zafinsa ya wuce digiri 135, kuma kada a sanyaya shi da ruwan famfo don likita na sauri.

Wajen lodi ake gane wanda ya iya. Fakitin nan mai takarda gefe ɗaya, leda gefe ɗaya, tururi ta takardar yake shiga. Kada a cika shi fiye da kashi uku cikin huɗu, a matse iskar ciki, a liƙe bakinsa daidai kan layin ninki ba tare da tattara ba. A jera su a tsaye, takardar wannan na fuskantar ledar wancan, ko a kwance ɗaya-ɗaya yadda littafin ya nuna, ba a ɗora wani kan wani ba, ba kuma mai taɓa bangon tukunya. Mai lita 18 tana ɗaukar kamar kilo huɗu na ƙarfe a buɗe, na cikin fakiti ƙasa da haka. Fakitin da ya fito da laima a ɗauke shi a matsayin wanda bai dahu ba, don jiƙaƙƙiyar takarda ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Sau da yawa cunkoso ne ke jawo haka, ko katse busarwa. A rubuta kwanan wata da lambar zagaye a bakin fakiti, wajen liƙi. A Ingila ƙa'idar asibitocin haƙori ta yarda a ajiye irin wannan fakiti har wata 12, amma a garin da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli, kabad mai rufewa da juya kaya, na tsoho a gaba, sun fi lissafin wata muhimmanci.

Ruwa shi ne ya fi kashe waɗannan na'urori, kuma a nan ne mai ƙaramin asibiti ke so ya yi tsimi. Tururin yana fitowa ne daga wani ɗan injin dumama mai ƙananan hanyoyi. Duk gishirin da ke cikin ruwa a nan yake zama bayan ruwan ya tashi, ya yi farin ɓawo, hanya ta tsuke, zafi ya riƙa jinkirin hawa, wata rana ta tsaya cak. Ƙa'ida ta ce ruwan kada ya wuce 15 a ma'aunin µS/cm, wato wajen 10 a ɗan alƙalamin TDS da ake tsomawa a ruwa don auna yawan gishirinsa. Alƙalamin nan ba shi da tsada, kuma ya kamata ya zauna kusa da na'urar. Ruwan burtsatse da na famfo da na rijiya duk sun fita. Fiya wata ma haka, don an tace shi ne domin sha, gishirinsa na nan. Ruwan da ke ɗiga daga iyakwandishan gishirinsa kaɗan ne, amma ya biyo ƙura da dattin bututu, kuma da hunturu ya shigo iska ta bushe sai ɗigar ta ɗauke. Ruwan batir na kasuwa, musamman na jarkar da ba rubutu, sai an auna, kuma a tabbata ba mai asid aka miƙo ba.

Mafita ita ce ƙaramin injin tace ruwa ta hanyar tururi, mai lita huɗu. Yana jan wat 750, yana ɗaukar kamar awa biyar kafin ya cika tulunsa, wato wutar da yake ci a cika ɗaya ta fi ta zagayen otokilef da yawa. Wannan kuɗi ne da mai sayarwa ba ya ambata. Lita huɗun takan kai zagaye shida zuwa goma. Wanda ke shakkar maganar gishiri ya leƙa gindin injin tacewar bayan mako guda ya ga abin da ya kwanta. Da ba don shi ba, cikin otokilef zai kwanta. Ana wanke shi da garin tsamin lemo. Tankin ruwan da aka yi aiki da shi a zubar kullum da yamma, kada a mayar da shi tankin tsabta, don akwai man hanfis a ciki. Tankin tsabtan kuma a juye a goge shi duk mako.

Sai wuta. Na'urar tana so ta samu bolt 220 zuwa 240. Idan wutar Kaduna Electric ta zo ƙasa da 200, dumama na ja, famfo na gurnani, ƙarshe allo ya nuna lokaci ya ƙure. Sitabilaiza mai kVA 5 ita kaɗai, soket nata na kanta da waya mai kauri, wadda ake kira 2.5, da wayar ƙasa mai kyau, ban da jona ta a doguwar waya tare da firji. Babbar matsalar ita ce ɗaukewar wuta a tsakiyar zagaye. Ƙofa za ta ƙi buɗewa sai matsi ya sauka, kuma kada a yi mata dole, tururin digiri 134 ba abin wasa ba ne. Kayan ciki ba su dahu ba, fakitinsu ya jiƙe, sai an sake sabon fakiti an faro daga farko. Ko 'yan daƙiƙun da ake ɗauka a juya layi zuwa janareta sun isa su ɓata zagayen. Saboda haka idan wutar ranar ba ta da tabbas, gara a tashi janareta tun kafin a danna. Janareta mai kVA 2.5 ba zai ɗauke ta tare da kwamfuresar kujera ba; da kwamfuresa ta tashi sai wuta ta nutse, na'ura ta yanke. Daga kVA 5 abin ke zama lafiya. Asibitin da ke da sola da inbata mai kVA 5 ya fi kowa hutawa, muddin an tsara dafa kaya tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da rana ke ɗauke nauyin ba batir ba.

Littafin yawancinsu ya ce ɗakin kada ya wuce digiri 40. A Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce haka a Sakkwato, balle ɗan ɗakin baya mai rufin kwano da ba taga, wanda nan ne aka fi tura otokilef. A bayanta akwai wani raga mai fanka da ke sanyaya tururi ya koma ruwa kafin ya isa famfo. Idan ragar ba ta samun iska mai sanyi, famfo ba ya iya zuƙewa yadda ya kamata, sai a yi ta ganin matsalar zuƙe iska da rana tsaka, da safe kuma lafiya lau. Mutane kan ɗauka famfo ne ya mutu, alhali zafi ne. A bar mata aƙalla santimita 10 ta baya da gefe, a sa fanka mai fitar da iska, a ba ta hutun minti 10 zuwa 15 tsakanin zagaye da ƙofa a buɗe. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ragar. A cire soket, a hure ta da iskar kwamfuresa sau ɗaya a wata. Farar filtar da ke tace iskar da ke shiga bayan busarwa, littafi kan faɗi bayan zagaye nawa ko wata nawa za a canza ta, amma a nan launinta ne zai faɗa. Da ta koma ruwan ƙasa an gama da ita.

Robar ƙofa ita ce liƙin madambaci: idan ya tsage, tururi ya bi gefe, dambu ya ƙi dahuwa. A goge ta kowace safiya da tsumma mai laima marar gashi, ita da bakin tukunya, ba mai, ba sifirit. Alamarta idan ta gaji ita ce ɗigar ruwa ƙarƙashin ƙofa, ko shuu na tururi, ko faɗuwa a gwajin iska. Yawanci shekara guda take yi. A ƙasan tukunya kuma akwai ɗan rariya da ke tare zaren auduga da guntun takarda. Idan ta toshe, kaya na fitowa a jiƙe. Cire ta a wanke bai fi minti biyu ba, amma an sha kiran injiniya daga wani gari a kanta.

Abin da ya fi burgewa a na'urar shi ne tana barin a tuhume ta. Gwajin iska ana yin sa da safe, tukunya na sanyi ba komai ciki: ta zuƙe iska ta rufe, ta auna ko tana komawa. Abin da aka yarda da shi kada ya wuce milibar 1.3 a minti. Sai gwajin Helix, wani siririn tiyo mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin raminsa milimita 2, da 'yar takarda mai canza launi a can ƙarshensa. Idan tururi ya ratsa tiyon ya canza launin takardar gaba ɗaya, zai ratsa hanfis. Wannan na kullum ne, kafin lodin farko. Na mako-mako shi ne 'yar kwalba mai ɗauke da ƙwayar Geobacillus stearothermophilus, wadda ta fi sauran jure tururi. A dafa ta tare da kaya, a sa ta a ɗan injin ɗumi mai digiri 55 zuwa 60 tare da wata da ba a dafa ba, a jira awa 24 zuwa 48. Wadda aka dafa ta zauna shuɗi-ja kamar yadda take, wadda ba a dafa ba ta koma ɗorawa. Idan duka biyu suka koma ɗorawa, a dakatar da na'urar, a janye duk abin da aka dafa tun gwajin ƙarshe mai kyau. Tabon da ke canza launi a jikin fakiti kuwa abin da yake faɗa kawai shi ne fakitin ya shiga zafi.

Takardar firinta irin ta POS ce, zafi na goge ta cikin 'yan watanni. A kwafe kwanan wata, lambar zagaye, zafi, matsi da sunan wanda ya yi lodi a littafi mai bango, a manna takardar Helix a gefe.

Ga mai saye: na Jamus da Italiya irin su Melag da Euronda sun fi ƙarko da shiru, sun kuma fi tsada nesa ba kusa ba, kayan gyaransu ma haka. Na Sin sun fi ƙara, ƙananan bawul ɗinsu sun fi saurin toshewa, amma idan an ba su ruwa mai kyau suna aiki. Farashi na bin dala, don haka abin tambaya shi ne wa zai gyara, daga ina zai taso, wa zai biya motarsa, kuma garantin ya haɗa da famfo da allon lantarki ko a'a. A sayi robar ƙofa biyu da filta biyu da kwalin takardar Helix tun a ranar. Kayan da suka taso daga Legas suka biyo Kwantagora, Yawuri da Jega sun sha girgiza, mahaɗan bututu kan saki. A ɗauko ta cikin akwatin katako, a tsaye, tankuna ba ruwa, kuma kada a cika kuɗi sai ta ci gwajin iska da na Helix a kan teburin da za ta zauna. Mai lita 23 faɗinsu ɗaya, zurfi ne ta fi da kamar santimita 10; asibitin da ke yawan tiyatar muƙamuƙi ko mai kujera uku ya fi dacewa da ita.

Lissafin kaya ma yana cikin sayen. Daga tashin marar lafiya zuwa fitowar kayansa a bushe, da wanki da fakiti da sanyaya, awa ɗaya da kwata ne ko fiye. Idan likita na ganin mutum duk rabin awa, hanfis ɗaya ba zai zagayo ba. Kujera ɗaya na buƙatar aƙalla uku, saitin madubi da tsinke da hantsaki kuma kamar goma. Asibitin da ya sayi ajin B ya bar hanfis ɗaya, ƙarshenta auduga da sifirit za a koma.

Wanda ke shirin shiga sana'ar, wannan ɗakin ne zai fara leƙawa kafin ya karɓi aiki a ko'ina. Akwai littafin rajista? Akwai injin tace ruwa? Hanfis nawa ne? Amsar ta fi albashin da aka ambata nuna irin zaman da za a yi. Takarda kuma sai ta makarantar da hukumar DTRBN ta amince wa kwas ɗinta, hukumar da aka kafa a 1993 mai rajistar masu jinyar haƙori da mataimakan likitan haƙori. Likitoci su hukumar MDCN ce tasu. A tabbatar da amincewar kafin a biya kuɗin makaranta. Mataimaki ba ya cire haƙori, ba ya allurar kashe zafi, ko da marar lafiya ya kira shi Likita. A manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Yara na Noma da aka buɗe a 1999 don gyaran fuskar waɗanda zaizayar baki, wato cutar da ake kira noma, ta ci, aiki a rarrabe yake, kowa da sashensa. A ƙaramin asibitin kuɗi mutum ɗaya ne ke karɓar kati, ya shirya kujera, ya kwaɓa siminti, ya dafa kaya, kuma wanda ya iya otokilef ciki da waje ba ya rasa mai nemansa.

Kafin hannu ya taɓa awartaki mai jini, a yi rigakafin ciwon hanta nau'in B: allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ƙwayar na iya rayuwa kwana bakwai a busasshen jini, kuma sukar allurar mai ɗauke da ita na iya harbin wanda ba shi da rigakafi har kashi 30 cikin 100, ta ƙanjamau kuwa wajen 0.3. Idan tsautsayi ya faru, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, a gaya wa likita nan take, maganin kariyar ƙanjamau a fara shi cikin awa 72, gara ma cikin awannin farko, a sha kwana 28.

Daɗin aikin yana zuwa a gaban kujera. Tsohuwa ta zauna tana kallon faranti da zargi, ta ce, "Ɗiyata, kayan ga an dahe su kuwa?" Amsar da ta fi kowace ita ce a ɗauko fakiti a rufe, a nuna mata kwanan wata, a ce, "Inna, a gabanki zan buɗe," a ɓare shi daga bakin liƙi ba a huda takardar da ƙarfe ba. Mutane na lura da wannan, suna kuma gaya wa 'yan uwansu.

Tukunyar kan gas kada a bayar da ita don an sayi sabuwa. Ranar da janareta ya ƙi tashi ko ana jiran injiniya, ita za ta dafa awartaki da madubi. A zuba ruwa zuwa alama, a bar bawul a buɗe tururi ya yi ta fita da ƙarfi kamar minti bakwai don ya kore iska, sannan a rufe. Lissafin lokaci yana farawa ne daga sa'ar da allurar ma'aunin matsi ta kai fam 15, wato digiri 121: minti 20 ga kayan da ke buɗe, 30 ga naɗaɗɗu. A kashe wuta, a bar allura ta sauka sifili da kanta kafin a taɓa murfi. Hanfis dai ya jira ajin B, aikin fafa kuma a ɗaga shi zuwa ranar da ta tashi.